Ranar da Muka Shuka Gonar Magini

Wata Juma'a ce, a ƙarshen kakar shekarar da na shiga aji huɗu na lakwal, wato makarantar boko, Baba ya shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaron ƙofar gidanmu, a ƙauyenmu da ke kusa da Maijirgi, ya aika aka kira Baba Illo magini. Ni aka ba ruwa in kai musu, kuma da yake Allah ya yi ni da son jin magana, sai na ajiye kwanon na tsaya ina gyara ɗankwalin da babu abin da ya same shi. Baba ya ɗauki kara ya zana kusurwa huɗu a kan rairayi. Shigifa yake so a gina wa Inna, wato ɗakin ƙasa mai rufin ƙasa, domin bukkarta ta yi damina biyu tana yoyo, har mukan kwana a zaune muna tara ƙore. Suka yi ta ciniki gaban maƙwabta, wannan ya ce albarka, wancan ya ce a duba dai, har suka daidaita aka fasa goro. Sharaɗi ɗaya Baba ya nanata, a rufe ɗakin kafin ruwan fari. A nan na fara jin kalmar jinga.

Da gudu na shiga gida na tarar da Inna tana daka, na tambaye ta mece ce jinga. Ta ce bakina dai ba ya hutawa, amma ta gaya mini. An yanke kuɗin aikin gaba ɗaya, tun daga haƙar tushe har ɗora indararo. Ƙasa da ruwa da itacen rufi duk a wuyan magini suke, kuma ko ya gama da wuri ko ya daɗe, abin da aka yanke shi ne nasa. Baba ya zaɓi haka ne don cin rani zai tafi, babu namijin da zai zauna yana sa ido a kan ma'aikata. Gyaɗar da muka noma a shekarar kusan duk a wannan ɗakin ta tafi.

Sai aka yi dace maƙwabcinmu Alhaji Mati, mai kanti, shi ma ya tayar da gini a ranin, amma shi aikin yini ya bayar. Shi ke sayen komai, maginin nasa Ɗan Ladi kuma a sallame shi kowace yamma, ban da furar rana da tuwo. Danga ce kawai tsakaninmu, don haka na samu abin kallo. Ɗan Ladi sai hantsi ya dubi ludayi yake zuwa, yana aiki yana waƙa, alwalarsa kuwa ta fi ta liman tsawo. Alhaji na kan kujera da rediyo a cinya yana duban rana yana tsaki. Amma gaskiya ɗaya ce, hannun Ɗan Ladi na da kyau. In layin tubali ya ɗan karkace sai ya rushe shi ba tare da ya ji ciwo ba, tunda yinin nasa biyayye ne. Namu Baba Illo kuwa kafin mu gama sharar tsakar gida ya iso da jakinsa, ba hira, ba waƙa. Abinci ba ya cikin jinga, amma Inna ba ta iya ganin mutum cikin rana ta ƙyale shi. In na kai masa fura a tsaye yake sha, ya share baki ya koma.

Abin ya dame ni ƙwarai. Aiki iri ɗaya, ƙasa daga rami ɗaya, me ya sa wannan ke sauri wancan ke jan ƙafa? Wata ranar da babu lakwal na ce bari in gwada da kaina. Na ɗebi ragowar kwaɓaɓɓiyar ƙasa, na ɗauki ƙanena Isuhu aikin gina wa 'yar tsanata ɗaki, na ce zan riƙa ba shi gyaɗa muddin yana aiki. Yaron nan ya cinye gyaɗar aljihuna kaf bai kai taga ba. Da na sake dabara na ce sai ya gama zai samu dunƙule guda, kafin in je rijiya in dawo ya gama, kafin in sa 'yar tsana ciki ɗakin ya zube. Na je na kai ƙara wurin Inna, ta yi dariya har ta saki muciya, ta ce in je in nemi magini mai tsoron Allah.

Baba Illo bai yi irin na Isuhu ba, kuma abin da ya jinkirta shi ke nan. Yana haƙar tushe ta gefen gabas sai ya faɗa kan wani tsohon rami da aka cike da toka da shara tun zamanin kakanni. Babu wanda ya san da shi ranar da aka fasa goro. Ya yi ta haƙa har ya kai ƙasa mai ƙarfi, ya cike ya daddaɓe. Bayan wannan bazara ta shigo, rijiya ta ja baya, jakinsa ya riƙa bin layi tare da matan gari. Ban taɓa jin ya ce a ƙara masa komai ba. Wata rana na kasa haƙuri na tambaye shi me ya sa bai ɗora bangonsa kan ramin kawai ba, tunda Baba ba ya nan. Ya dube ni daga kan bangon ya ce, "Wanga bango nawa na, ɗiyata, har ran da zan ce ma uwakki ga ɗakinki. In ya hwaɗi, ni ya hwaɗa ma. Na Ɗan Ladi ko, kullum rana ta hwaɗi ya zama na Alhaji."

Ruwan shekarar ya zo da wuri, Baba bai ma dawo ba. Bango ya kai, an jera azara, saura zana da ƙasar rufi. Da la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso da karan danga. Ɗan Ladi tuni an sallame shi ya tafi gida. Baba Illo kuwa na gan shi a kan bango, iska na neman ɗauke shi, yana lulluɓe kan ginin da tsofaffin zana yana danne su da itace, mu kuma muna miƙa masa duk abin da hannunmu ya kai, har da tabarmar sallar Inna. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da ya ɗauke, namu bangon ya jiƙe amma yana tsaye. Na Alhaji layukan sama sun narke sun gangaro, muna jin sa ta bayan danga yana ta salati.

Wanda bai tashi a jigawa ba ba zai gane abin da washegarin ruwan fari yake nufi ba. Rairayi ba ya riƙe damshi. In ba ka zuba iri da wuri ba, sai ka jira wani ruwan, shi kuma ba ya yi wa kowa alkawari. Tun da sassafe gari ya watse, maza da sungumi a kafaɗa, mata da yara da ƙoren iri, mushenmu, wato malamin lakwal, shi ma bai wahalar da kansa wajen buga ƙararrawa ba. Inna ta fito da irin geronmu, mun yi shirin gona, sai ga Baba Illo da jakinsa da lodin zana. Kowa ya san matarsa na cikin jego, babban ɗansa kuma yana cin rani, babu mai taka masa gona. Inna ta ce ya je ya yi shukarsa, gini ya jira. Ya nuna mata gabas, inda gajimare ke sake haɗuwa, ya ce bangon da ya sha ruwa sau ɗaya ba zai jure na biyu a buɗe ba, kuma shi ya ɗauki alkawari gaban mutane.

Inna ta tsaya da ƙwaryar iri a ka, ta dubi ɗakin, ta dubi hanyar gonarmu. Har yau ina ganin wannan tsayuwar. Can ta sauke ƙwaryar ta mayar cikin bukka, ta ce masa, "To, hau bisa." Ta juyo gare ni ta ce, "Rabi, tahi gidansu ki amso irinshi."

Ranar gonar magini muka shuka. Inna ce ta riƙe sungumin Baba tana sara, ni da Isuhu muna biye muna jefa iri muna rufewa da dunduniya. Masu wucewa suna ta tsokana, wai ko mun ɓata hanya ne, ko kuwa mun sayi gonar. Inna ta amsa gaisuwa kawai ta ci gaba da sara. Tafin hannunta ya yi ruwa, ni kuma raina a ɓace, don ina ganin gonar ƙawayena na cika tamu na zaune. Sai da muka gama tasa muka koma tamu, lokacin tudun gonar ya riga ya bushe, ƙura ke tashi in an sara. Muna cikin haka sai ruwa ya sake saukowa, muka ruga gida. Mun tarar Baba Illo ya daddaɓe ƙasar rufi ya kafa indararo. Ya tsaya a bakin ƙofa, laka har gira, ya ce wa Inna ga ɗakinta. Muka shiga muka zauna a ƙasa, ruwa na zuba a waje, babu ɗigo ko ɗaya a kanmu, sai na ga Inna na share ido da bakin zane.

Da Baba ya dawo ya ji daɗin ɗaki, amma da ya ga tudun gonarmu ya fito tsilli-tsilli sai an sake shuka, ya yi faɗa. Ya ce ai amfanin jinga ke nan, wahala ta mai aiki ce, ba a ce matarsa ta yi wa kowa ƙwadago ba. Inna ta bari ya gama ta ce, "Ku kunka yi jinga. Ni ba ni cikinta." Shukar bayan ba ta yi ƙwari ba, kuma mun ji a jikinmu, don kafin kaka ta zagayo mun ci tafasa fiye da yadda muke so. Amma da aka yi girbi sai ga Baba Illo da jakin nan nasa a ƙofar gida da dammunan gero. Baba ya ce wannan ba ya cikin maganarsu. Baba Illo ya ce shukar ma ba ta ciki, ya sauke ya juya.

Bara na tayar da nawa ginin a Tasawa, inda nake koyarwa, da bulo da siminti. Ɗan kwangilar matashi ne mai ladabi, ya ce in zaɓa, ko jinga, ko in sayi kaya in biya yini. Na tambaye shi in ruwa ya sauko gini na buɗe, bangon na wane ne. Ya yi dariya ya ce siminti ba ya tsoron ruwa. Na tambaye shi ko yana da gona, ya ce an sayar tun yana ƙarami. Na ba shi jinga, ya yi aiki mai kyau, amma har ya gama ban san sunan matarsa ba, shi ma bai taɓa shan furar gidana ba. Baba Illo ya daɗe da rasuwa, shigifar kuwa tana nan, Inna na kwana a cikinta. Duk ranar ruwan fari, dunduniyata takan tuna da gonar da ba tamu ba.