Gwiwar Hannun Gwaggon Taga

Tun da mijinta ya rasu, ƙafafu kuma suka fara yi mata gardama, Gwaggon Taga ta ɗauki aikin da ba wanda ya ba ta. Da hantsi za ta ja kujera gaban tagar ɗakinta mai kallon titi, ta kafa gwiwar hannun dama a kan simintin tagar, ta yi tagumi. Daga nan ta san wanda ya sayi sabon babur, da wadda ta yi yaji, da wadda ta dawo ba biko. In ka ce mata magulmaciya za ku ɓata. Ita dai iska take sha.

Babban ɗanta ya gaji da ƙorafin maƙwabta. Ya daɗe yana so ya mayar da ita ɗakin baya, inda ba abin kallo sai igiyar shanya. Ita kuwa tana tsoron ɗakin nan fiye da yadda take tsoron mutuwa, don tagar ce kaɗai ta rage mata a duniya.

Ana haka wani ƙullutu ya fito mata a tsinin gwiwar hannun, kamar ƙwan kaza, in an taɓa ya yi luguf-luguf, ga zafi. Ta ɓoye shi cikin mayafi, ta shafa man zafi, ta gasa da ruwan ɗumi, abu sai ƙaruwa yake. A ranta ta gama yanke cewa ciwon daji ne, har ta fara yafe wa mutane, amma ba duka ba. Surukarta ce ta gano, ranar da ta ga tsohuwa na cin abinci da hagu.

Ɗan ya kai ta asibiti. Likita ta latsa wurin, ta ce, "Ruwa ne ya taru, Mama. Kin buge ne?"

"Ban buge ba."

"Zazzaɓi fa? Ko wurin ya taɓa tsagewa? Wani lokaci ƙwayar cuta ke shiga ya yi mugunya. Wani lokaci kuma ciwon gaɓoɓi ne."

"Babu ko ɗaya. Ki faɗa min kawai in dajin ne."

"Bai yi kama da shi ba. Saura abu guda. Kina yawan dogara hannun a kan abu mai tauri?"

Gwaggo ta ɗaga kai tana nazarin fanka. Ɗan ya ƙyalƙyale da dariya har da riƙe ciki. Aka zuƙe ruwan da allura don a gwada, aka naɗe hannun, aka ce ta huta da dogara shi.

Suna isa gida ya ɗaga kujerar. "Kin ji da kunnenki, Inna. Yau sai ɗakin baya."

Hawaye suka taho mata, ta mayar da su. Ta leƙa ta tabbatar surukar na kicin, sannan ta yi ƙasa da murya.

"Ba komai, ɗan albarka, kai ni. Dama ban cika samun lokacin hira da matarka ba. Akwai labarin da na daɗe ina so in ba ta, na wani mai ciwon suga da ke laɓewa bayan shagon kan kwana kullum da yamma, ya ɗaga kwalbar lemo bai sauke ba sai ya ga ƙarshenta, ya goge baki ya shigo gida yana neman shayi ba suga."

Ya tsaya da kujera a hannu. Daga kicin matar ta ce, "Me Inna ke cewa?"

"Cewa take simintin nan ya yi tauri," in ji shi. "Miƙo min filona, sabon nan mai laushi."