Ranar da Binta Doguwa Ta Fitar da Mu ta Taga

Da safe na sha koko, na ɗaure takalmina, na nufi filin makarantarmu a Kutama. Asabar ce, dawa ta fi mutum tsawo. Mu tara ne muke koyon ƙwallon kwando a wurin Malama Hadiza, kuma ranar muna da baƙuwa.

Binta Doguwa 'yar unguwarmu ce. A filin nan ta fara, da kwandon da maƙeri ya lanƙwasa da rodi. Ta zama kyaftin ɗin 'yan matan jiha. Sau biyu tana ɗaga kofi. A na biyun ita ta jefa ƙwallon ƙarshe, muna ji a rediyo muna ihu. Daga nan aka kira ta ƙungiyar ƙasa. Ta zo yi wa Innarta sallama, ta ce sai ta ga wasanmu kafin ta wuce.

Ƙarfe goma da rabi muka ji rugugin babura daga yamma. Sai harbin 'yan bindiga.

"Ɗakin ajiya! Ku shige!" in ji Malama.

Muka shige har da Binta. Malama ta tsaya a waje, ta datse ƙofar da kwaɗo don a zaci ba kowa. Muka ji takunta yana nisa.

Ɗakin cike yake da karyayyun bencina. Taga ɗaya ce, can kusa da rufi. Mu goma muna numfashi a wuyan juna. Wata ta yi fitsari a tsaye, ba wadda ta kalle ta. Azahar ta yi, ba mu ji kiran salla ba.

Wajen ƙarfe biyu hayaƙi ya fara shigowa ta ƙasan ƙofa. Sun cinna wa ajin da ke manne da mu wuta. Muka tura ƙofa, kwaɗo ya riƙe.

Binta ta miƙa hannu ta kamo ƙarfen tagar. Ta yi ta girgiza shi har ya fita daga bango. Sai ta durƙusa.

"Hau kafaɗata! Ki dira, ki shiga dawa. Kar ki waiga!"

Ɗaya bayan ɗaya ta ɗaga mu. Ni ce ta tara. Na waiga. Na ga hannayenta a bakin tagar, amma kafaɗunta sun ƙi wucewa.

Muka yi ta gudu cikin gonaki, ganye yana yankar fuskokinmu. Takalmina ɗaya ya cire, ban tsaya ba. Da magariba muka shiga Gwarzo. Washegari Kawu ya zo ya tafi da ni gidansa a Masanawa.

A can labari ya same ni. Bayan la'asar 'yan sintiri suka fasa ƙofar. Kafin su iso, kwanon rufi mai cin wuta ya rufto, Binta ta tare shi da hannu. Malama kuma a bayan katangar makaranta aka same ta, makullin yana cikin tafinta. Da yamma aka yi mata sutura.

Mu tara duk muna raye. Binta tana Kano wurin yayarta. Yatsu biyu suka rage mata a hannun dama. Da na je duba ta, na tarar tana koyon riƙe cokali da hagu.