Zoɓon Lantana da Bakin Jibo

Duk wanda ya taɓa zama bukin aure a Dogon Dutsi cikin watannin ɗari ya sha hannun Lantana, ko ya san sunanta ko bai sani ba. Ni maƙwabciyarta ce, katanga ɗaya ta raba mu, katangar ma ruwa ya cinye kanta har ina hango murhunta ba tare da na yi ɗage ba. Don haka abin da zan faɗa ba a bakin rijiya na tsinto shi ba.

Sana'arta ta lokaci ce. Da an gama kaka, gero ya shiga rumbu, samari na gaggawar ɗaura aure kafin su tafi ci-rani, sai bukukuwa su tashi, wannan na bin wancan. A daidai lokacin ne sabon zoɓo yake shigowa daga ƙauyukan Kore Mairuwa, ja wur, tsamiya kuma ta nuna a bisa. Sauran masu abin sha jira suke bazara ta zo su ƙulla a leda su jefa firigo ya yi sanyi. Lantana ta ce wannan aikin yara ne. Ita da ɗuminsa take ba da nata: zoɓo da citta da kanumfari da ɗan masoro, a dafa, a tace, a kai gidan buki cikin manyan tukwane an lulluɓe su da bargo. Tsofaffin da suka zauna kan tabarma tun sassafe, yatsu sun ƙage, in aka miƙa musu kofi sai ka ga sun rungume shi da hannu biyu kafin su kai baki. Tana yin na tsamiya, tana yin lemu hari, ruwan citta da lemun tsami, wa ma'aikatan da ke shagalin sabuwar shekara. Amma zoɓon nan shi ne sunanta.

Ba ta da ma'auni, ba ta taɓa yi ba. Takan ce zoɓon bana ba tsaminsa ɗaya da na bara ba, na jigawa daban, na fadama daban, to me za a auna? Sukari kaɗan-kaɗan take zubawa, ta juya, ta kai ludayi baki, ta ƙara, ta sake kaiwa. Ranar da bukukuwa suka haɗu mata, abin da take sha da sunan ɗanɗane ya fi abin da amarya da ƙawayenta suke sha.

Wata damina sai ta fara rama, ga ƙishirwa ba ta ƙarewa. Mijinta Jibo ya ɗora ta a amalankensa ya kai ta likita, aka ce ciwon sukari ne, ta bar zaƙi. Ta tambaya ko har da ɗanɗane. Da ma'aikacin ya ji yadda ɗanɗanen nata yake, sai ya ce, "Inna, wannan ai sha ne."

Ta gwada ta ɗanɗana ta tofar, abin bai yi ba. Ta ce citta a maƙogwaro take magana, abin da bai wuce can ba ba ka san shi ba, kuma ita ba za ta tsaya gefen tukunyar mutane tana tofe-tofe ba. Sai ta nemi bakin aro. Ba ta so gari ya ji, don in aka ce mai zoɓo ba ta iya ɗanɗana zoɓonta, shi ke nan, sana'a ta mutu. Na ce ga ni. Ta dube ni ta ce barkono ya riga ya ƙone mini harshe. Na ji haushi, amma ba ƙarya ta yi ba.

Ta zaɓi Jibo, kuma kowa zai zaɓe shi. Mutum ne shiru-shiru, shi da jakinsa, yana ɗaukar kaya daga tasha zuwa kasuwa, sai ka yini da shi bai yi maka magana goma ba. Abu ɗaya aka san shi da shi a garin nan: sukari. Mai shayin tasha yakan ce in Jibo ya zauna, ƙudan zuma ma sun san ya zo. Lantana ta ce mutanen Arewa masu son zaƙi ne, abin da ya gamsar da bakin Jibo ba wanda zai raina.

Bukin farko na ɗarin shekarar babba ne. Hajiya Hasiya, matar wani mai manyan shaguna, za ta aurar da ɗiyarta Rukayya zuwa Tibiri. Ta aiko da zoɓo da kayan ƙamshi da buhun sukari, ta ce kada a yi mata ƙwauro, akwai baƙi har daga Yamai. Lantana ta ɗora tukwane tun asuba, ta zaunar da Jibo kan turmi, ta riƙa miƙa masa ludayi. Ina kallo ta katanga. Ba a je ko'ina ba ya ɗaga hannu ya ce ya isa. Ta dubi buhun, ta dube shi, ta ce ya sake sha dai. Ya sake, ya ce in ta ƙara zai zama maɗi. Hannunta na gaya mata da saura, bakin mijinta ya ce ya isa. Ta ce wataƙila zoɓon bana ne ba tsami, ta rufe tukwane, ta ɗaure bakin buhun ta ce a mayar wa Hajiya ragowar kayanta.

Ina gidan bukin lokacin da aka raba. Kai, ban so na gani ba. Mace ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta ajiye kofi a gindin kujera. Wata daga dangin ango ta tambaya da ƙarfi ko maganin shawara aka dafa musu. Nan take aka fara cewa Lantana ta ɓoye sukarin ta kai gida. Da aka nuna musu buhun da ta mayar, ba su ji kunya ba, sai suka juya suka ce ashe hannunta ne ya tafi, tsufa ya zo. Matan nan da suka yi shekara da shekaru suna lasar kofinta! Bakin mutane dai ba ya rasa abin tauna. Hajiya ta aika butiki, wato kanti, aka kwaso lemun kwalba, mutane suka sha sanyi a kan sanyi suna kaɗa haƙora. Tukwanen suka dawo gida kusan yadda suka tafi.

Bukukuwan da aka riga aka yi mata magana suka zame ɗaya bayan ɗaya. Ba ta yi wa Jibo faɗa ba, shiru ta yi masa, wanda ya fi faɗa. Ni ta gaya wa abin da ke cinta. Ta ce tun da aka dawo daga likita Jibo yake cewa ta huta da wuta da hayaƙi, ta ƙi. Yanzu ta gane da gangan ya yi, ya kashe mata sana'a a gaban baƙi don ta zauna. Wannan ne ya fi yi mata ciwo, ba maganar matan ba.

Wata safiya ɗari ya tsananta, Jibo ya sayo shayinsa daga tasha a kofin silba, ya ajiye kan amalanke yana ɗaura wa jaki kaya. Lantana na zaune gaban murhun da ba wuta. Ta ce, yadda har ni na ji, tunda sana'ar da take lallaɓa ranta dominta ta tafi, bari ta sha abin da zai kashe ta. Ta miƙe ta ɗauki kofin ta yi masa kurɓa babba. Sai ta tsaya.

"Malam, mai shayin ya manta da sukarinka."

"Bai manta ba."

"Tun yaushe?"

Bai bar ɗaurin igiyar da yake yi ba. "Tun ranar da na ɗauko ki daga likita. Ke kina nan kina shan kunu salam, ni in je tasha in sha zaƙi? Ban iya ba."

Ashe watannin nan duka bakinsa ya sauya bai sani ba. Ya rantse mata ranar bukin har zaƙin ya so ya yi masa yawa. Lantana ta zauna kan turmin da ta zaunar da shi, kofin na hannunta, ta ce masa ya kashe mata kasuwa, ta sake faɗa, sannan ta ja bakin zanenta ta rufe fuska. Ni ma na janye daga inda nake leƙe, don abin ya fi ƙarfin kallo.

Ta roƙe shi ya koma shan sukarinsa ko don sana'a. Ya ce a'a, kuma Jibo in ya ce a'a jakinsa ma ya fi shi saurin sauya ra'ayi. Ba ta je ta wanke kanta wurin kowa ba, ta bar gari da zancensa. Hajiya Hasiya ba ta sake aikowa ba har yau. Ƙananan sabgogi ne suka dawo a hankali, suna nan, walimar sauka can.

Har yanzu shi ne bakinta. Yana zama kan turmi, tana miƙa masa ludayi, in ya ce ya isa sai ta ƙara kusan kamar abin da ta riga ta zuba, ta rufe tukunya. Amma kafin sukari ya shiga, takan ɗebi kofi biyu, nata da nasa, ta ajiye gefen murhu inda ba za su huce ba.