Ragowar Man Juye

Mahaifina ya rasu a asibiti a Kano wata ranar Laraba da hantsi, ana tsakiyar damina. Kafin azahar aka ba mu gawarsa. Na buga waya gida na ce a fara haƙa kabari, za a yi jana'iza bayan la'asar in Allah ya yarda. Garinmu yana gaba da Bici, ta wajen Kunci, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba idan mota lafiyarta ƙalau.

Motar da muka ɗauko shi a ciki tasa ce, farar a-kori-kura da yake kai hatsi da awaki kasuwa da ita. Muka shimfiɗa katifa a baya, muka kwantar da shi, muka rufa tamfol. Maƙwabcinmu ya zauna kusa da shi yana riƙe da bakin tamfol ɗin. Baffa, ƙanin mahaifina, ya shiga gaba. Ni nake tuƙi.

Motar nan ita kaɗai ce babban abin da Baba ya taɓa saya sabo fil. Bai yarda kowa ya yi mata juyen baƙin mai ba sai a garejin kamfanin da suka sayar masa. Da asuba yake fita, ya wuni a kan benci, sai an buɗe galan a gaban idonsa. Injin ba ya shanye man duka, kullum akwai ɗan saura, kuma Baba ba ya tashi daga bencin sai an ba shi. Yana tara ragowar a galan guda a bayan kujera. Baffa ya sha tsokanarsa.

"Yaya, wai miya za ka yi da shi?"

"In ta nuna zan aiko maka," in ji Baba.

Wata huɗu ya yi a kwance. Lokacin juye ya zo daidai da shuka, ina tsakanin gona da asibiti, ban ga ranar da zan ba wa benci ba. Motar ta fara hayaƙi. Na tsaya wurin wani bakanike a Bacirawa, ya ɗauko ɗan gwangwani ya girgiza mini a fuska.

"Malam, kamfanin me? Wuni guda za su cinye maka. Zuba wannan, inji ya yi lakwas kamar jaririn da ya ƙoshi."

Abu ne mai kauri, yana zuba a hankali kamar zuma. A kan tsohon man ya tuttula shi. Hayaƙi ya ragu, ƙara ta lafa. Bayan wata guda na sayi wani gwangwanin na zuba rabi da kaina. Ban ƙara duba gejin mai ba.

Wata rana ina ba Baba kunu ya tambaye ni.

"Ka kai ta juye?"

"Na kai, Baba."

"Sun ba ka ragowar?"

"Sun ba ni."

Ya gyaɗa kai, ya rufe ido. Bai sake tambaya ba.

Da muka wuce Bici muka bar kwalta, hadari ya riga ya haɗo daga gabas. Gero ya tashi hagu da dama, ya fi motar tsawo. Ina kauce wa ramuka don kada a jijjiga shi a baya. A wani gangare na ga jar fitilar mai ta ƙyafta ta mutu. Na ci gaba da tuƙi. Ta sake ƙyaftawa. A karo na uku ta tsaya a kunne, sai na fara jin wani ƙas-ƙas a cikin injin, siriri, kamar ana buga cokali a bakin kwano.

Na kashe motar a gefen wata gona.

"Lafiya?" in ji Baffa.

Na buɗe gaban motar, na zaro geji, na goge da gefen rigata, na mayar, na sake zarowa. A bushe yake. Can a tsininsa ne kawai wani baƙin abu ya maƙale, ya yi danƙo kamar kwalta.

Wayata ta yi ƙara. Limamin unguwarmu ne.

"Kun iso ina? Kabari ya kammala, mutane sun taru. Ka ga sama kuwa?"

Na gan ta. Maƙabartarmu a kwari take, ƙasarta laka ce. Idan ruwa ya sauka a buɗaɗɗen kabari, sai an kwashe ko a sake haƙa wani, kuma ba lallai a sami binne shi a ranar ba. Na ce masa mun kusa. Babu mai sayar da mai kusa da inda muke, sai an koma Bici. In kuwa na tayar da injin a haka, zai buga kafin mu kai ko'ina.

Na buɗe aljihun gaban mota na ɗauko rabin gwangwanin nan. Baffa ya riƙe mini hannu.

"Mene ne wannan?"

Na gaya masa. Duka na gaya masa, a tsaye, iska tana kaɗa tamfol a bayanmu.

"Shi ya sani?"

"Ce masa na yi na kai."

Baffa ya dubi bayan motar. Ya daɗe yana duba. Na so ya zage ni, bai zage ni ba.

"Mayar da wannan inda ka ɗauko shi," ya ce. "Ɗage kujerar nan."

Galan ɗin yana nan, an ɗaure bakinsa da leda da zare, ɗaurin hannun Baba. Da na ɗaga na ji bai kai rabi ba. Maƙwabcinmu ya miƙo robar ruwa, muka yanke gindinta muka yi mazurari. Baffa ya karɓi galan ɗin ya zuba da kansa. Man ya fito garau, ana ganin haske ta cikinsa. Ya kifa galan ɗin ya jira har ɗigon ƙarshe.

"Ga miyar ta nuna," ya ce a hankali, ba da ni yake ba. Ya share fuska da hannun riga.

Geji ya nuna man ya taɓa layin ƙasa, bai wuce ba. Na yi bisimilla na murɗa makulli. Injin ya tashi, jar fitilar tana nan. Ban san tsawon lokacin da muka zuba mata ido ba. Sai ta mutu.

"A hankali," in ji Baffa. "Kar ka taka ta."

Wannan ya fi komai wuya. Sama ta yi baƙi ƙirin, ana walƙiya a kan gonaki, ƙafata tana son ta danna, ni kuwa ina tafiya kamar mai bin amalanke. Idona ɗaya a hanya, ɗaya a fitilar. A duk rami sai ta ƙyafta.

Mun iso ana sallame la'asar. Ruwan wanka da likkafani suna jira. Aka yi masa sutura, aka sallace shi a ƙofar gida, aka ɗauki makara da sauri. Muna jera itace a bakin kabari aka fara yayyafi. Muna tura ƙasar ƙarshe ruwa ya kece. Mun binne shi a busasshen wuri. Wannan kam Allah ya ba mu.

Bayan an tashi daga zaman makoki na kai motar garejin kamfanin, na zauna a kan bencin. Wanda ya kwance man ya ga abin da ya fito, ya girgiza kai, ya ce injin ya ji jiki, amma zai yi tafiya. Sai ya dubi lambar motar, ya dube ni.

"Ina Alhajin ragowa? Yau ya aiko ka?"

Na ce Allah ya yi masa rasuwa. Ya yi salati, ya yi masa addu'a, ya koma aikinsa. Maganar da na gaya wa Baba a gadon asibiti ban sami damar gyara ta ba. Da aka gama, ban roƙa ba, mutumin ya biyo ni har ƙofar mota ya miƙo mini galan. Na ɗaure bakinsa da leda, na sa a bayan kujera.