Mai Rufe Ido Ɗaya

A tashar jirgin fito ta Gosport, inda Winifred ke sayar da shayi, wani dattijo yana tsaye da yamma, dogo, rigar sanyinsa ta koɗe a gwiwar hannu. Ba ta taɓa ganinsa ba. Ruwa kawai yake kallo.

Wani fasinja ya ƙyasta ashana kusa da shi. Nan take dattijon ya rufe idonsa na hagu da tafin hannu, bai sauke ba sai da wutar ta mutu.

Haka mijin Winifred, Cyril, yake yi lokacin yaƙi. Matuƙan jiragen sama da ke kai wa jiragen ruwa hari da dare sukan ɓoye ido ɗaya daga haske, don ya ci gaba da gani cikin duhu. Cyril ya tashi wani dare a Bahar Rum, bai dawo ba.

Ta miƙa masa shayi. "Malam, yaƙin ai ya ƙare tuntuni."

Ya yi dariya. "Gaya wa idon, baiwar Allah, ni ba ya jin maganata. Da wasu akwalan jirage muke zuwa, ƙasa-ƙasa, har ruwan teku na fantsamar mana."

"Mijina yana cikin masu shiga gaba, su saki fitilu daga sama a kan tashar jiragen ruwan abokan gaba."

Dattijon ya ajiye kofin, ya cire hularsa. Ya dube ta da ido biyu.

"Ashe da haskensa muka ga hanya."