Sallamata a Faifan Gwangwani

Duk faɗin Greensboro ta Amurka babu Bahaushen da muryarsa ta fito a album uku, wato faifai uku, na kiɗan punk sai ni Bala. Na faɗa wa 'ya'yana, na faɗa wa surukaina, har wani ɗan sanda da ya tsayar da ni a hanyar Sedgefield sai da ya ji. Abin da muryar take cewa a ciki ne ban cika tsawaita bayani a kai ba. Amma tunda marigayi Sa'idu muke tunawa, kuma yawancinku kun san shi, ba ni da wurin ɓuya.

Sa'idu Sau Ɗaya muke ce masa, don ba ya maimaita komai. In ya ajiye mota a karkace, a karkace za ta kwana. In ka yi magana ya ce, "An riga an yi." Digiri na uku ya zo yi a kan ƙasar noma, sai ya faɗa hannun wani Bature ɗan Irving Park, unguwar masu kuɗi, mai suna Todd, yaron da ya tashi a gida kamar otal amma yake yawo da yagaggen wando yana ihu wai duniya ta zalunce shi. Todd ke jita da ihun, wani abokinsa da ban taɓa jin maganarsa ba yana kaɗa bass, jitar nan mai kaurin murya, Sa'idu na kan ganguna. Suka sa wa ƙungiyar suna Gwangwani, kuma ban taɓa ganin sunan da ya dace da mai shi haka ba. Punk kuwa, ga wanda Allah ya kare, kiɗa ne mai gudu kamar an biyo shi. Kafin ruwan shayi ya tafasa waƙa ta ƙare.

Album na farko a garejin gidan hayar Sa'idu aka ɗauke shi, a East Greensboro, cikin 1993, da wata 'yar na'ura mai cin kaset. Wata Asabar da rana na je aron wayar tayar da batir. Na ji ƙara, na ɗauka injin wanki ne ya lalace. Na tura ƙofa na yi sallama. Sa'idu ya ajiye sanduna a tsakiyar waƙa, ya amsa, ya ce ina wuni, ya gajiya, ya mutanen gida, ya jikin Mama. Todd ya yi jajir, ya ce, "Dude, we're recording," wai ɗaukar waƙa suke yi.

Sa'idu ya ce, "Mutum ya yi sallama."

Todd ya ce to a sake ɗauka. Sa'idu ya dubi kaset yana juyawa, ya ce, "An riga an yi."

Haka ya fita kasuwa. In sun je wasa, da an zo daidai wurin sai ka ji yaran Turawa masu koren gashi suna ihun "ya gajiya" suna ture juna. Wani ma ya rubuta a 'yar mujallar da suke bugawa da injin kwafi cewa kirarin 'yan gwagwarmaya ne na Afirka. Ni da na zo aron waya.

Da za a yi na biyu bayan shekara biyu, Todd ya koyi hankali. Ya kulle ƙofar gareji ya manna takarda. Sa'idu ya ɓalle takardar ya buɗe ƙofa, ya ce shi ba a haife shi a gidan da ake rufe wa baƙo ƙofa da rana ba. Ranar sai ga Alhaji Garba, dattijonmu mai sayar da motoci, ya zo sanar da suna, ni ne ɗan rakiya. Kun san gaisuwar Alhaji. Waƙa ta ƙare, mai bass ya fita ya sha taba ya dawo, Alhaji yana Fagge bai ko ƙaraso Gwale ba wajen tambayar dangi. Ita ce waƙa mafi tsawo da Gwangwani suka taɓa fitarwa, kuma a ganina mafi ma'ana. Ina cikinta ina cewa "madalla, madalla." Da aka kunna wa Alhaji, ya ce, "Sa'idu, wannan abin da ubanka ya sayar da gona dominsa ke nan?" Sai da ya ji muryarsa ya gyara zama, ya ce a ba shi kaset biyu, ɗaya na mota.

To ni fa abin ya fara shiga kaina. Album biyu ina ciki, amma babu sunana ko a gindin kwali. Na bi Sa'idu na hana shi sakat, a masallaci, a kanti, har laburare, a kan ya ba ni waƙa guda in rera da gaske. Na ce masa a makarantarmu ni ke jan waƙa ranar rabon kyaututtuka. Ya ce ko kurame ne a makarantar. Daga baya dai ya gaji ya yarda.

Na uku a 1997 aka yi, a studio na gaske da uban Todd ya biya, mai gilashi da jar fitila, kuma a CD zai fito. Na yi makonni ina gwaji a banɗaki har maƙwabciyata ta zo tambaya ko muna da mara lafiya. Na sa rigar fata a kan kaftani, na shiga na yi sallama, aka amsa, aka ba ni makirufo. Na rufe ido na saki murya. Da na buɗe, injiniyan ya cire abin kunnensa yana duba wayoyi, wai yana neman inda ƙarar take fitowa. Ya ce ko za a sake. Na dubi Sa'idu, raina fes, don na san ba zai yarda ba. Ya ce, "An riga an yi."

Na gayyaci mutane gidana ranar da CD ya fito, har da dafa shinkafa. Muka saurara daga farko har ƙarshe. Akwai tarin Todd. Akwai faɗuwar sandar ganga. Akwai inda mai bass ya yi atishawa, wanda shi ne karo na farko da na ji muryarsa. Waƙata ce kawai babu. Mutumin da bai taɓa goge komai ba a rayuwarsa, ni ya fara gogewa. Sai can ƙarshe, bayan kiɗa ya mutu, aka ji ƙofa ta buɗe, aka ji ni ina sallama, shi yana amsawa. Nan faifan ya ƙare, nan ma Gwangwani ta ƙare, don Todd ya yi aski ya tafi karatun lauya.

Har yanzu nakan kunna wurin a mota, in yi ta mayar da shi baya. Allah ya jiƙan Sa'idu, ya yafe masa kurakuransa. Yadda bai taɓa rufe wa kowa ƙofa ba, Allah ya buɗe masa tasa, ya sa a amsa masa sallama da fara'a.

Ban tambaye shi dalili ba sai da ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Na je duba shi a asibiti, na ce, "Sa'idu, tsakaninka da Allah, me ya sa ka goge waƙata?"

Ya riƙe hannuna, ya yi murmushi, ya ce, "Bala, sallamarka tana da daɗi ƙwarai. Daga bayanta ne komai yake lalacewa."