Cigiyar Ɗan Fari

Duk mai leƙa ƙaramin ɗakin karatun nan na Bungudu ran Asabar ya san Inna Saude. Ita ce doguwar Bafulatanar da ke zama bakin ƙofa da ƙwaryar fura, gefen kantar littattafan da gara ta cinye rabinsu. Ko harafi ɗaya ba ta sani ba. Ba karatu ya kawo ta ba, ɗanta take nema.

A wata ruga ta wajen Rawayya aka haife ta, aka kai ta aure yankin Kekun Waje. Suna da shanu daidai gwargwado, da damina kuma su ɗan noma gero. Da ta haifi ɗan fari sai aka sa masa sunan surukinta, Dalhatu. To, kunya ta zama biyu ke nan: ga ɗan fari, ga sunan uban miji. Tun ranar suna wannan sunan bai taɓa fita daga bakin Saude ba. Ba ta masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ma sai ta kau da kai har kakarsa ta zo ta ɗauke shi. In ta kama dole ta ambace shi, sai ta ce Manga, kuma duk rugar ita kaɗai ke ce masa haka. Amma fa kindirmon da ya fi kauri, nasa ne. Takan rufe da faifai ta tura bayan randa, shi kuma ya san wurin, ya sha ya goge baki, babu mai cewa uffan.

Ya zama saurayi, har an fara zancen aurensa, masu bindiga suka faɗo rugar wata la'asar. Mijin Saude a bakin garke ya faɗi. Manga ya kora shanu ya yi daji, daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Dangi suka watse, kowa ya yi ta kansa. Saude ta je Tsafe ran kasuwa, ta bi mahauta da dillalan shanu tana tambaya. Ta je Gusau, ta leƙa asibiti, ta zaga tasha har takalminta ya tsinke. Ƙarshe ta yada zango a wani kango a Bungudu, tana sayen madarar gari tana haɗa nono. Bafulatana da madarar gari! Ranar farko da ta dama, sai da ta yi kuka.

Mai kula da ɗakin karatun, Malam Mansur, mutum ne mai son taro. A da, Asabar ranar tatsuniya ce da kacici-kacici, da yamma kuma ajin mata masu koyon karatu. Da ƙauyuka suka fara kwararowa cikin gari, sai ya ga masu shigowa inuwa suke nema, kuma kowa da wanda ya ɓace masa. Sai ya mai da zaman na cigiya. A ture tebura, a shimfiɗa tabarmi, kowa ya faɗi wanda yake nema, shi kuma ya ɗauki muryar a waya ya aika gidan rediyo a Gusau. Wani lokaci a dace, a yi guɗa. Mafi yawa shiru.

Da farko ba a yi murna da zuwan Saude ba. Wata mata ta ja tabarmarta gefe ta ce, yadda kowa zai ji, "Su ne fa sunka kore mu, yanzu kuma sun biyo mu har nan." Saude ta haɗiye maganar. Wa za ta yi wa bayani? Da wayar ta iso gabanta ta sunkuyar da kai ta ce, "Manga nika nema. Dogo ne, yana da wushirya." Malam Mansur ya aika haka nan. Mako ya bi mako, rediyo na ta cigiyar Manga, mutumin da duk duniya uwarsa kaɗai ta san shi da wannan suna.

Mutum ɗaya ne bai taɓa guje mata ba, wani tsoho manomi daga Furfuri, Baba Isah. Kullum yana nan, amma in waya ta zo gabansa sai ya girgiza kai. An ɗauka ruɗewar tsufa ce. Saude takan dama masa fura a ƙaramin ƙoƙo, ya sha ya sa albarka. Haka suka yi ta zama kusa da juna, damina ta wuce, wata ta sake zagayowa.

Wata Asabar sai ga Husna, malamar ajin mata, ta karɓi wayar don Malam Mansur ya tafi jana'iza. Ita kakarta Bafulatana ce. Da ta ji an ce Manga sai ta dakata.

"Inna, Manga sunan yanka ne?"

Saude ta girgiza kai.

"Ɗan fari ne ko?"

Ta gyaɗa kai.

"Haba Inna! Duk tsawon lokacin nan? Ai ko ya ji a rediyo, waɗanda ke tare da shi ba su san da shi ake ba. Faɗi sunan, don Allah."

Saude ta duba hagu ta duba dama, ko akwai wani na gida da zai faɗa a madadinta. Babu kowa. Ta ji kamar an ce ta tuɓe zane a tsakiyar kasuwa. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta buɗe baki sunan ya maƙale, ta sake gwadawa.

"Dalhatu," ta ce. "Dalhatu na rugar Kekun Waje."

Ƙoƙon fura ya suɓuce daga hannun Baba Isah.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji tsohon. "Baiwar Allah, ke ce uwar Dalhatu?"

Baba Isah ya ce a bakin gonarsa ya tsince shi, da harbi a ciki, fuska duk ta kumbura. Ya ba shi ruwa. Yaron ya faɗi sunansa, ya ce a gaya wa innarsa, bai ƙarasa ba rai ya yi halinsa. Shi da ƙanensa suka yi masa sutura a nan gefen gona.

"Tsoro ni ji," in ji shi, hawaye na bin gemunsa. "In an ji na rufe ɗan Fulani, sai a ce da masu bindiga nike. Sai ni ce bari in riƙa zuwa nan, ran da wani ya ambaci sunan in yi magana. Wallahi sunan kaɗai nika saurare. Ga ki kusa da ni, ina shan furarki!"

Saude ba ta yi ihu ba. Tambaya ɗaya ta yi: "Ya sha ruwan?"

"Ya sha."

Matar nan da ta taɓa jan tabarma ita ta fara fashewa da kuka.

Washegari da hantsi Baba Isah ya kai ta Furfuri. Gero ya yi tsawo, ya kusa rufe wurin, sai wani dutse da tsohon ya kafa don shaida. Ya koma nesa ya tsaya. Saude ta durƙusa ta share ciyawa da hannu. Baƙin ciki ya tokare mata ƙirji, ga haushin kanta, ga haushin kunyar da aka koya mata tun tana yarinya, ta kuma riƙe ta da gaskiya. Ta dafa ƙasar da tafin hannu.

"Dalhatu," ta ce. Ta ƙara ɗaga murya, irin yadda sauran iyaye ke kiran 'ya'yansu cin tuwo. "Dalhatu! Dalhatu, ni ce!"

Tsohon ya juya baya ya toshe bakinsa da hula. Ita kuwa ta yi ta kira, har muryarta ta dishe.